Gudun da Na Yi wa Matan Zumunta

A zumuntar matan cocinmu da ke unguwar Bulumkutu a Maiduguri akwai wata al'ada da muke alfahari da ita. Idan mace ta yi 'yan makonni ba a gan ta a taro ba, ba a aika mata saƙo, ba a kai ƙararta wurin fasto. Sai dai ranar Alhamis da la'asar ta ji kiɗan tulu da caki yana matsowa daga bakin titi, kafin ta gama ɗaura ɗankwali mata sun cika mata tsakar gida cikin zane iri ɗaya. Muna cewa tunda ita ta kasa zuwa taro, taron zai zo wurinta. To amma baƙo ba ya tashi baki a bushe. Wadda aka zo ƙarfafawa ita ce za ta hura wuta ta dama kunun da zai ishi wannan runduna, ta aro kofuna a maƙwabta, bayan an watse ta wanke ta mayar. Mace ta daina zuwa saboda gajiya, mu kuwa sai mu kai mata aiki har gida. Ban taɓa ganin aibin wannan ba, domin a lokacin ni ce mai ɗauko babban tulun kiɗa a ka, ina kan gaba ina jan waƙa.

Shekarun alif ɗari tara da tamanin da 'yan kai ne, zamanin da sabulu da madara ma sai an bi musu layi. Ina koyarwa a firamare. Mijina akawu ne a sakatariya, mutumin kirki wanda bai taɓa ɗaga mini murya ba, bai kuma taɓa sanin inda ake ajiye ashana a gidansa ba. 'Ya'yanmu biyar, ban da 'yan'uwansa da ke zuwa daga ƙauyenmu na kudancin Borno neman aiki, su yi wata da watanni a falo suna nemansa a kwance. Kafin ladanin unguwa ya kira assalatu bokitina yana layin famfo. Daga famfo sai murhu, daga murhu sai aji, daga aji sai layin kananzir, sannan a koma murhu. A cikin wannan hali na gane ina da ciki na shida.

Akwai wata mata da nake kira Yaya. Ba ciki ɗaya muka fito ba, ƙauyukanmu ne ke kallon juna ta gefen dutse ɗaya. Ita ta karɓe ni lokacin da aka kawo ni Maiduguri ina amarya, ta koya mini zaɓen banda mai kyau a kasuwa da yadda ake gaida Barebari ba tare da an yi mini dariya ba. Ƙosai take soyawa a bakin titi, 'ya'yanta tara. Zuciyarta fara ce sol, amma bakinta rariya ne, kuma na san haka tun da daɗewa. Sai dai mai ciwo ba ya zaɓen wurin nishi. Wata rana muna gyaran wake a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidanta, maganar ta kuɓuce mini.

"Yaya, ni fa ba na son cikin nan. Na gaji."

Ta ci gaba da tsince tsakuwa abinta. Har na ji daɗi a raina, na ce ashe Yaya ta fara girma.

A taronmu akwai lokacin da ake kawo abin addu'a, kowa ta faɗi damuwar da take so a kai gaban Ubangiji. Shi ne jaridarmu. A nan ake jin mijin wa ya koma shan giya, 'yar wa aka koro daga makaranta. Doka ɗaya ce kawai, ba a kama suna. Ranar Alhamis da ta biyo baya Yaya ta miƙe, ta gyara zane, ta ce akwai wata 'yar'uwarmu, ba za ta kama suna ba, malamar makaranta ce mai 'ya'ya biyar, tana da juna biyu, kuma ta ce ba ta so. Malaman makaranta biyu ne a zumuntarmu, ɗayar kuwa ta yi jikoki. Aka ce a rufe ido a yi addu'a. Ban taɓa shan kallo irin na ranar ba, kuma duk da idanu a rufe. Uwar zumunta, wata dattijuwa mai tsoron Allah da son doguwar addu'a, ta roƙi Ubangiji ya gafarta wa wannan baiwa tasa rashin godiya, ta tuna masa da matan da ke kwana kuka suna neman ko ɗaya. Da aka ce amin ni ma na ce amin, don kada a gane ni ce.

Daga ranar na rage wa Yaya magana, sai gaisuwa kawai. Ko ba ta lura ba ne, ko ta yi kamar ba ta lura ba, oho. Cikin ya ci gaba da girma abinsa. Ranar haihuwa, ana tsakiyar zafin nan na Maiduguri da ko inuwa ba ta da amana, aka kai ni asibiti. Mace ce, kuma ba ta zo da rai ba. Likita ya yi wa mijina bayani cewa cibiya ce ta naɗe mata wuya, mijina ya zo ya maimaita mini a hankali kamar yana karanta takardar ofis. Na ji shi, amma ni na riga na san dalili. Na ce ba na so, an kai maganar gaban Allah a gaban shaidu, an sa mata amin, shi kuma ya ji.

Matan zumunta sun zo gaisuwa, sun faɗi duk abin da ya kamata a faɗa. Babu wadda ta taɓo waccan magana, kuma shirun nasu ya fi mini zagi ciwo. Da na warke ban koma taro ba, sujadar Lahadi ma sai na tura yara da ubansu. Mutane sun ɗauka bangaskiyata ce ta yi sanyi. Ba haka ba ne, yawa ma ta yi. Tsoro nake ji. Wanda ya ji maganar da na yi a kan tiren wake ya kuma aikata, wa ya san me zai ƙara ji? Na daina addu'a don kada in jawo hankalinsa. Ko yara sun kai ni maƙura ba na yarda in ce na gaji, sai in cije leɓe. In ɗayansu ya yi zazzaɓi, sai in hau binciken bakina ko na faɗi wani abu. Zama muke da Allah irin na maƙwabtan da ke gaba, famfo ɗaya muke ɗiba amma ba ma haɗa ido.

Na san al'adarmu, na kuma san lokacina ya yi. Mai ɗaukar tulu ba a ɓoye mata ranar ziyara. Alhamis ɗin da na lissafa za su zo, daga makaranta na zarce babbar kasuwa, na yi ta zagaya rumfuna ina taya kayan da ba ni da niyyar saya, har wani mai atamfa ya fara duba ni da ido ɗaya. Da magariba na dawo na tarar da tsakar gida a share tas, yara suna rera sabuwar waƙa, mijina yana ta fara'a kamar an ƙara masa girma a ofis. Sun zo, sun yi taronsu ba tare da ni ba, sun dama kunu da kansu da geron da na ajiye na mako guda. Sun bar sallahu cewa za su dawo. Mijina ya ce, Maman yara, mutanen nan fa ƙaunarki suke yi. Na ce su ƙaunace ni daga gidajensu.

Mako na gaba na yi dabara. Ina da wata gwaggo can bayan layin dogo da ke dafa burkutu, wadda dangi ba sa ambatonta sai in ana neman gudummawar biki. Na ce duk naci irin na matan zumunta, ba za su shiga gidan giya da zanen coci a jikinsu ba. Na manta ban ja wa yarana kunne ba. Ina zaune a bayan manyan tukwane sai na ji caki. Bas guda suka cika. Uwar zumunta ce ta fara sa ƙafa, tana riƙe da Littafi Mai Tsarki a ƙirji kamar garkuwa. Mashaya suka shiga ture ƙoƙuna ƙarƙashin benci suna cire hula, wani tsoho a cikinsu ya kama amshi, ashe tsohon mawaƙin coci ne, ya fi su sanin baitocin. Ni kuwa, malamar makaranta, uwar 'ya'ya biyar, ta garken awaki na fita, langa-langa ya yage mini zane. Daga baya na ji cewa biyu daga cikin mashayan sun bayyana a coci ranar Lahadi, uwar zumunta kuma ta ba da shaida cewa Ubangiji ya yi amfani da ni wajen kai bishara inda ba a taɓa kai ta ba.

Wannan ya ba ni haushi ƙwarai. Ba dariya nake yi a lokacin ba. A ganina ba ƙauna ke bi na ba, sammaci ne. So suke su zaunar da ni a tsakiya in tuba a gaban kowa, in faɗi da bakina abin da kowa ya sani.

Saura wuri ɗaya. Gidan da muke haya na wani Alhaji ne Babarbare, katanga ce kawai ta raba sashenmu da na iyalinsa. Matarsa, Hajiya, 'yar unguwar Shehuri ce, sana'arta haɗa turaren wuta da humra. Mun saba da ita ta kan katanga, ta miƙo mini abincin salla, in miƙa mata na Kirsimeti. Na tabbata ko sun shiga gidan giya, ba za su ɗauki tulu su kutsa gidan Alhaji ba. A nan kam na yi daidai. Abin da ban lissafa ba shi ne ba sa bukatar shiga, katangar ba ta kai tsawon mijina ba.

Da Alhamis ta zagayo na shiga na ce wa Hajiya hira na zo. Ta dube ni, ta dubi agogo, ta gyara lafayarta, ta shimfiɗa mini darduma a ɗakin da ya jingina da katanga, ba ta tambaye ni komai ba. Ba a jima ba kiɗa ya shigo tsakar gidana. Ko wace ce aka ba tuluna, hannunta bai iya ba, tana riga waƙa kamar mai sauri ta je ta sauke tukunya. Na kama kaina ina gyara mata bugun a kan cinyata. Bayan waƙa uwar zumunta ta karanta labarin makiyayin nan da ya bar garkensa ya tafi neman tunkiya ɗaya da ta ɓata. Na ce a raina, kowa yabon makiyayi yake, babu wanda ya tambayi tunkiya ko tana so a same ta. Wataƙila ta san ɓarnar da ta yi, ta kuma san sandar da ke hannunsa.

Sai aka zo abin addu'a. Na ji muryar Yaya, wadda ko a kasuwar kifi ba ta ɓacewa.

"Yau zan kama suna," in ji ta. "Ni ce. Na kawo maganar ƙanwata nan ina ganin taimako nake yi, ashe zane na kwance mata a kasuwa. Amma akwai abin da ban faɗa ba ranar. Maganar da ta yi, ni na riga ta yi. Daga na huɗu har na tara, babu cikin da ban ce ba na so ba. Na bakwai har kuka na yi na ce Allah ya ɗauke abinsa. Ga shi can ya fi ubansa tsawo, shi kaɗai yana cinye mini rabin ƙosai. In da Allah yana kama mace da maganar da ta yi cikin gajiya, wa ke da ɗa a cikinmu?"

Garwashi yana ta ƙara a kaskon turaren Hajiya. Can wata murya daga baya ta ce, ni ma na faɗa. Wata ta ce ita a kan na uku ne, lokacin da aka sallami mijinta daga aiki. Wata ta ce ita har yau da safe ta faɗa, a kan waɗanda suka riga suka girma. Aka yi 'yar dariya. Sannan uwar zumunta, wadda ta roƙa mini gafarar rashin godiya, ta yi gyaran murya ta ce lokacin da ungozoma ta gaya mata tagwaye ne, abin da ya fito daga bakinta ba zai maimaitu a cikin taron addu'a ba, kuma tagwayen nan su ne ke riƙe da ita yau. Dariyar ta ƙaru, daga nan ta juye ta zama wani abu dabam, na ji ana jan hanci ta ko'ina.

Duk wannan lokaci Hajiya tana juya turarenta kamar ba ta ji. Sai ta ajiye cokali, ta yi magana da Hausarta da ba ta raba mace da namiji.

"Ni ma na faɗa, malama. Allah ya san gajiya. Ka tashi ka je, mutanenka suna jiranka."

Ban tashi nan da nan ba. Wata da watanni ina ɗauke da gawa a bakina, ina ganin ni kaɗai ce macen da ta taɓa furta irin wannan magana a duniya. Ashe duk layin famfo haka yake, kowa ta faɗa a gaban murhunta ta haɗiye. Kuma wanda nake ɓuya daga gare shi ya ji su duka, shekara da shekaru, bai hana ko ɗayarsu ɗa saboda haka ba. Ban san dalilin da ya sa tawa ta tafi ba, har yau ban sani ba, kuma na daina yarda da masu cewa sun sani. Abin da na gane a ɗakin nan mai hayaƙi shi ne ba sanda ke bi na ba. Sauƙin da na ji ya yi yawa har ya ba ni kunya.

Shi ya sa in na ga mace a yau ta koma bencin baya, daga nan ta daina zuwa, ba na saurin cewa ta ja da baya. Sau da yawa ba ta daina gaskatawa ba ne, ta gaji ne, ko tana tsoron wata magana da ta taɓa yi. In ke ce, ki saurare ni. Allah ya ji abin da kika faɗa, ya kuma ji gajiyar da ta faɗe shi, ya san bambancinsu. Zai biyo ki, kuma kada ki sa ran zai aiko mala'ika mai ladabi. Abin da yake da shi a unguwa shi zai turo, ko da mata ne masu surutu da za su cinye miki gero.

Na zagaya ta ƙofar titi na shiga gidana ina ƙamshi kamar amaryar Barebari. Na shirya wa guɗa da halleluya, amma babu wadda ta yi. Wata ta matsa mini a kan tabarma, na zauna, aka ci gaba da taro kamar bayan gida na je na dawo. Ko addu'ar rufewa uwar zumunta ta gajarta, abin da ban taɓa gani ba kafin ranar, ban kuma sake gani ba.

Da aka watse Yaya ta tsaya. Muka zauna a bakin ƙofar ɗakin girki, ita a kan kujerar tsugunno, ni a kan dakali. Ta ce in yafe mata. Na ce na yafe, amma ta sani ba zan ƙara gaya mata asirina ba. Ta ce ita ma shawarar da za ta ba ni ke nan.

Akwai tambayar da ban yi wa kowa ba tun daga asibiti. Ranar da abin ya faru, da suka ce za su nuna mini jaririyar, bango na juya wa fuskata, don a ganina wadda ta ce ba ta so ba ta da ikon kallo. Yaya ce ta karɓe ta daga hannun nas, ta yi mata wanka, ta naɗe ta, kafin maza su tafi da ita. Na sani, amma muna gaba. Yau na tambaye ta.

"Da wa ta yi kama?"

"Da ke," in ji ta. "Goshin nan naki ne sak. Ga gashi cike da kai, baƙi wuluk. Na daɗe ina riƙe da ita kafin na ba su. Na gaya mata uwarta tana sonta."

Na ce wa ya gaya mata haka, alhali rabon da in yi mata doguwar magana tun ranar addu'ar nan. Ta ce ba sai an gaya mata ba. Wata Asabar ta biyo ta ƙofar gidanmu za ta kai niƙa, ta leƙo, ta ga 'yan riguna ƙanana a kan igiya, irin ɗinkin hannuna, har da wata mai fulawa a wuya. Ta ce macen da ba ta so ba ta zama ta yi wa riga fulawa.

Sai a ranar na yi kukan 'yata. Yaya ba ta ce in yi haƙuri ba, ba ta kawo aya ba. Ta bar ni na yi har na gama, tana yi mini fifita da gefen zanenta.